Zan je taro Faransa, Hajiya ta ce dole in sauka gidan ƙaninta: in kwana ko in yini in juyo?

Maman_Afnan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san Faransa. Wurin aikinmu za su tura ni taron ƙara wa juna sani a birnin Tulus cikin watan Yuni in Allah ya kai mu. To ina da kawu, ƙanin Hajiyarmu ciki ɗaya, yana zaune a wani ƙaramin gari mai suna Figeac. Su asalinsu 'yan Tasawa ne ta Nijar, aure ne ya kawo Hajiya Katsina. Shi karatu ya kai shi tun ina firamare, ya samu aiki, ya auri Bafaranshiya, har 'ya'yansu sun girma. Rabonsa da gida tun rasuwar kakanmu. Ana dai gaisawa ta waya idan salla ta zo.

Tun da Hajiya ta ji zancen tafiyar nan ba ta da hira sai ta ɗan'uwanta. Ta ce in har na taka ƙasar ban kwana gidansa ba, kar in dawo in ce mata na je. Ni kuwa nauyi nake ji. Matar ban santa ba sai a hoto, Faransancina bai wuce na gaisuwa ba. Da na sanar da shi ya yi murna ƙwarai, amma abin da ya fara tambaya shi ne yaushe zan zo, yaushe zan tafi, har da ƙarfe nawa. Abin ya ɗan tsaya min a rai. In sauka gidan ne, ko in kama otal in riƙa leƙa su, ko in yini in koma Tulus? Sannan wace tsaraba ta dace?

Bakatsine_Na_Asali:
Wa alaikumus salam. Otal a garin da kawunki yake? Haba Hajiya, ai wannan abin faɗa ne har jikoki. Gidan kawu gidanki ne, ko matarsa aljana ce balle Baturiya. Amma gaskiya tambayar "yaushe za ki tafi" tun baƙo bai iso ba, ni ma ba ta yi min daɗin ji ba. Zaman Turai yana cinye mutum.

ƊanMaraɗi31:
Barka da zuwa tun kahin ki iso, ƴar'uwa. Ni a Tulus nike zamne kuma na san Figeac. Malam Bakatsine, ka yi haƙuri, ba zaman Turai ba ne, takarda ce. Duk wanda zai saukar da baƙo mai biza a gidanshi, sai ya tahi meri, ohishin magajin gari, ya nemi takardar da ake kira attestation d'accueil. Dole a rubuta ranar isowa da ranar tahiya a jikinta, da lambar fasfon baƙon. Zai kai shaidar gidan, nashi ne ko haya, da shaidar abin da yake samu, ya biya tambur na Yuro 30. In an sa hannu, ainihin takardar zai aiko miki, ba hoto ba. Ki haɗa ta da takardun biza, ranar tahiya kuma ki riƙe ta a jakar hannu don ɗan sandan iyaka yana iya tambaya. To mutumin da ya ce ki ba shi rana, ya riga ya yanke cewa gidanshi za ki sabka. Wanda ba ya son ki kwana ai ba zai wahalar da kanshi da meri ba.

Ga kuma aiki. Shi ma'aikaci ne, ƙila matar ma haka, sai sun nemi hutu da wuri. Nan ko ƙanin matar ne zai zo, sai an rubuta ranar a kalandar da ke manne jikin firji.

Maganar yini ki juyo kuwa ki cire ta. Daga tashar Matabiau ta Tulus akwai jirgin ƙasa na yanki, TER, amma awa biyu ne da ɗoriya, kuma ba kowane lokaci ake samu ba. Zuwa da dawowa sun cinye yinin.

Zee_Fashion:
Ni dai anti, ki tafi da ni a matsayin tsarabar. Ba na cin abinci da yawa.

Hajiya_Binta_KD:
'Yata, ki bi maganar mahaifiyarki. Ba wai son ta takura miki take ba, idonta take so ki zama. Za ta tambaye ki ya rame ko ya yi ƙiba, furfura ta kama shi, yana salla, yaran suna jin Hausa ko da "sannu" ce, matar tana kula da shi. Waɗannan ba a ganinsu a zaman falo na awa biyu. Sai kin kwana kin tashi kin ga yadda gidan yake da asuba. Zumunta a ƙafa take.

Ummu_Yasmin_Lyon:
Na goyi bayan ki sauka gidan, amma bari in gaya miki abin da za ki tarar don kar ki ga kamar wulaƙanci ne.

Abinci da lokacinsa yake. Rana wajen sha biyu da rabi, dare wajen bakwai da rabi ko takwas, kuma kowa a tebur ɗaya. Babu zancen a kai wa baƙuwa kwanonta ɗaki. Idan Lahadi ta same ki a can, akwai yiwuwar a gayyato iyayen matar ko a kai ki wurinsu, don su ma wannan ce ranar zumuncinsu. Za a fara zama a farfajiya da ɗan abin taɓawa, gyaɗa, zaitun, lemo. Sai a koma tebur a kawo abin buɗe ciki, salak ko wani abu mai sauƙi. Ki ci kaɗan, ainihin abincin yana tafe. Bayansa a zagayo da farantin cuku kala-kala, sannan abin zaƙi, sannan kofi. Burodi a kan shimfiɗar tebur ake ajiye shi kusa da farantinki, ki gutsura da hannu, har romon ma da shi ake suɗewa. Kafin a miƙe ƙarfe huɗu ta yi, sai kuma a ce a fita a taka ƙafa.

Abin lura shi ne alade. Ba a babban nama kaɗai yake zuwa ba, akwai 'yan ƙananan gutsattsari da suke kira lardons, ana watsa su cikin salak, cikin ƙwai, cikin wake. Wasu miyun kuma da giya ake dafa su. Ki faɗa wa kawu tun yanzu abin da kike ci da wanda ba ki ci, ya gaya wa matarsa. Bafaranshiya ta fi jin haushin ta yi girki ki ture ki ce kin ƙoshi a kan a gaya mata gaskiya tun mako biyu kafin zuwanki. Kawaicin nan namu ba ta san shi ba. In aka ce a ƙara miki kika ce a'a, to an ɗauke kwanon, ba mai lallashinki.

Gaisuwa kuma, su haɗa kumatu suke yi. Ke da matar ba laifi. Maza kuwa ki ɗora hannu a ƙirji ki yi murmushi tun daga nesa, an gane.

Bakatsine_Na_Asali:
Tsaraba ba sai an yi dogon bincike ba. Kilishi mai kyau, dambun nama, man shanu kwalba guda. Mutum ya shekara ashirin yana cin ganye, ki kai masa abin da zai tuna gida.

Ummu_Yasmin_Lyon:
Malam Bakatsine, duka ukun da ka lissafa haramtattu ne a iyakar Tarayyar Turai. Ba a shigo da nama ko abin da aka yi da madara daga ƙasashenmu a kayan matafiyi, ko busasshe ne. Cukun Nijar ma haka. Ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace kuma tun ƙarshen 2019 sai da takardar lafiyar tsirrai, ban da biyar: dabino, ayaba, abarba, kwakwa da wani ɗan itacen Asiya mai wari, durian. Don haka dabino ki ɗauka hankali kwance. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma har kilo 2. Ni garin kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa da zoɓo nake tahowa da su, a ɗaure da kyau. Daddawar ki nannaɗe ta a leda ki sa a roba mai murfi, in ba haka ba kayan sawarki sun shiga uku.

Injiniya_Sadauki:
Ni na san mutane da yawa da suke wucewa da kilishi ba abin da ya faru.

ƊanMaraɗi31:
Suna wucewa, gaskiya ne, don ba kowa ake buɗewa ba. Amma na ga wata baiwar Allah da muka sabka tare an zazzage mata akwati, kilishi ya tahi kwandon shara tana kallo, kuma ana iya cin mutum tara. Wadda ta zo taro da sunan ma'aikatarta, me zai kai ta? Kuma kawun ba ganye yake ci ba, Malam Bakatsine. Yankin nan ƙasar agwagwa ce da tumaki.

Abu_Hafsat:
Duk kun bar babbar magana. Gidan Turawa ba ya rasa kare, yana hawa kujera yana lasar mutane. A ina za ta yi salla? Ni wannan kaɗai ya isa in ce otal.

Malam_Habu_Zariya:
Malam Abu Hafsat, mu tafi a hankali. Na farko ba ta ce suna da kare ba. Na biyu, a Malikiyyar da muka taso a kai, duk abu mai rai mai tsarki ne, har guminsa da yawunsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallage a ciki umarni ne da ake bi, amma ba ya nufin tufarki ta zama najasa don ya shinshine ki. Shafi'iyya da Hambaliyya sun saɓa, su suna ganin najasa ne, kuma duka maganganun malamai ne. Ta tafi da dardumarta, ta rufe ƙofar ɗakinta, shi ke nan.

Kan tambayar asali kuwa, hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masauki ba. Kin ga addini ma ya san da ranar tafiya. Sannan in ba ki yi niyyar zaman kwana huɗu a garin ba, kina da sauƙin ƙasaru.

Abu_Hafsat:
Na ji, Allah ya saka. Amma mala'ikun rahama fa?

Malam_Habu_Zariya:
Wannan nasiha ce da ta shafi mai gida, kuma ba ranar da 'yar yayarsa ta fara taka gidansa za ta buɗe masa wa'azi ba.

Ummu_Yasmin_Lyon:
Tun da an shigo zancen salla: a Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai bayan tara da rabi na dare, isha'i ta kai ki sha ɗaya da wani abu, asuba kuma ga ta nan kusa. Za ki ci abincin dare rana tana sama. Alƙibla ba inda kika saba ba ce, gabas ce maso kudu, ki duba a waya. Buta babu, ki ajiye gorar ruwa ta roba a ɗakinki. Kuma ki kula da jiƙa banɗaki wurin alwala, ƙasan ba shi da maguji, ki goge kafin ki fito. Wannan ƙaramin abu ya fi komai haɗa baƙinmu da matan gida.

Damagaram_227:
Ku ƴan Najeriya ku gode Allah kuna da inda za ku kai takardu a ƙasarku. Mu tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 al'amarin ya cuɗe. Air France ta daina zuwa Yamai, ohishin jakadancin Faransa ya ruhe a Janairun 2024. Ƴan'uwan kawunki na Tasawa ko suna da kuɗi, zuwa wurinshi ba ƙaramin aiki ba ne yanzu. Ke da kike da fasfon Najeriya ke ce ƙahwar dangin gaba ɗaya. Abin dariya, Tasawar nan tana da ƙawancen gari da gari da Conflans-Sainte-Honorine ta kusa da Faris, amma ɗan Tasawa ya ga ɗan'uwanshi ya zama wuya.

Injiniya_Sadauki:
Ai gara da aka kori Faransawan. Sama da shekara hamsin suna kwasar yuraniyom ɗin Arlit, me talaka ya samu?

Mai_Kula_Da_Zaure:
Injiniya, akwai wurin siyasa daban. Baiwar Allah shawarar masauki ta nema.

Malamin_Tarihi:
Ba shawarar masauki zan bayar ba, kwaɗayi ne ya kawo ni. Garin da za ki je, duk da mutanensa ba su wuce dubu goma ba, nan aka haifi Champollion a 1790, mutumin da ya warware rubutun Fir'aunan Misira a 1822. Gidan da aka haife shi yanzu gidan tarihin rubuce-rubucen duniya ne. A bayansa akwai wani ɗan fili da aka shimfiɗa ƙaton kwafin dutsen Rosetta, dutsen da rubutun jikinsa ya taimaka masa ya warware rubutun, a ƙasa, da baƙin dutsen da aka ɗauko daga Zimbabuwe, mutane na takawa a kai. Ainihin dutsen yana Landan, Misirawa suna ta neman a mayar musu. Ki sa 'ya'yan kawun su kai ki. Yaro da ba ku da harshe ɗaya, yawo ya fi zaman falo saurin sa ku saba.

ƊanMaraɗi31:
Gaskiyar malam. Kuma in kawu injiniya ne ban yi mamaki ba, garin na ƙera kayan jirgin sama ne. Kamfanin Ratier na yin farfela tun zamanin jiragen katako, ga kuma Figeac Aéro. Asabar da sahe akwai kasuwa a tsakiyar gari, nan za ki ga kowa. Amma ki sani shaguna da yawa suna ruhewa daga sha biyu zuwa biyu, Lahadi da yamma gari tsit, Litinin ma wasu ba sa buɗewa. Babu ɗan acaɓa, babu mai shayi. Duk shagon da kika shiga ki fara da bonjour kahin komai. Hijabinki ba mai hana ki a titi, ruhe huska ne dokar 2010 ta hana. Za a kalle ki, ƙaramin gari ne kowa ya san kowa, amma da an ji ɗiyar yayar wane ce an wuce wurin.

Baban_Ilham:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni ina irin matsayin kawunki ne, a wani ƙaramin gari a arewa maso yammacin ƙasar, matata 'yar nan ce. Bari in faɗa miki abin da shi ba zai faɗa ba.

Yana ɗokin zuwanki fiye da yadda kike zato. A irin garuruwan nan mutum yana iya shafe watanni bai yi Hausa da kowa ido da ido ba. Amma yana kuma jin tsoro. Yana tsoron ki koma ki ce yaransa ba su iya gaisuwa ba, ba su durƙusa ba, sun kira shi daga ɗaki yana amsawa. Yana tsoron ki ga yana wanke kwanuka ki kai labari cewa an mallake shi. Yana tsoron matarsa ta yi wani abu da zuciya ɗaya ki fassara shi da raini. Duk zaman zai yi shi ne yana tafinta a tsakani, ba na harshe kaɗai ba. Ki sauƙaƙa masa.

Sai kuma abin da ya fi ciwo. Da yawanmu baƙon gida bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, sai da jerin buƙatu. Wane na son jari, wance za ta aurar da 'ya, ɗan wane a nemo masa makaranta. Akwai wanda na saukar, na sa hannu a takardar meri cewa ni ke da alhakinsa, ranar komawa ta zo ya ɓace. Ni aka bari da kunya a gaban matata da surukaina. Tun daga nan duk wanda ya ce zai zo sai gabana ya faɗi, alhali ina son ganinsa. Albashin da ake ji da Yuro, in aka cire biyan bashin gida, haraji, inshora, kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu, abin da ya rage ba shi ne abin da ake lissafawa a gida da canjin naira ba.

In kina son ki faranta masa, ki nemi izinin matar ki shiga kicin rana ɗaya ki tuƙa tuwo. Garin semolina mai laushi yana kowane babban kanti. Ki kira ta ta tsaya kusa da ke, ki ba ta muciya ta gwada. Kuma ki zo masa da tsofaffin hotuna, da muryar Hajiya a waya tana kiransa da sunan da ake kiransa yana yaro.

Hajiya_Binta_KD:
Baban Ilham, na ji tausayinka, amma ku ma kuna da naku. Mutum ya yi shekara goma sha bai leƙo gida ba, yara ba su san kabarin kakansu ba, sannan a ce dangi ne masu buƙatu? Wanda aka sayar da akuya aka yi masa kuɗin makaranta, in an tambaye shi ba roƙo ba ne.

Baban_Ilham:
Ban musa ba Hajiya. Amma tikitin mutum biyar da hutun bazara ki tambaya ki ji. Ba duk wanda bai zo ba ne ya ƙi.

Zee_Fashion:
Anti kar ki manta turaren wuta da humra wa matar. Da atamfa a ɗinka mata doguwar riga, ki nemi awonta a wurin kawu. Kuma yaran nan taubasanki ne fa, ki lissafa musu kuɗin sharar duk shekarun da suka tsere.

Ummu_Yasmin_Lyon:
Atamfa e, humra in tana son ƙamshi mai ƙarfi. Turaren wuta kuwa a yi hattara: tun 2015 doka ta wajabta na'urar jin hayaƙi a kowane gida. Kina ɗora garwashi za ta fasa ƙarar da maƙwabta za su fito. In za a kunna, a farfajiya.

Maman_Afnan:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na kira Kawu jiya mun daɗe muna magana. Maganar Ɗan Maraɗi ce, takardar meri yake son cikewa, har ya karɓo jerin abin da ake buƙata. Matar ta karɓi wayar, da Ingilishinta kaɗan da Faransancina kaɗan muka gaisa, ta ce ta gyara min ɗakin babbar 'yarsu da ke jami'a, ta kuma tambayi abin da ba na ci. Kare babu, mage ce. Shi kuka da daddawa kawai ya roƙa, sai ya yi shiru, ya ce in akwai gumba. Na ce masa zan tambaya.

To amma wata sabuwa ta taso. Labari ya kai Tasawa. Babban yayansu ya kira Hajiya ya ce zai aiko da wasiƙa in kai wa Kawu hannu da hannu, kan gonar gadonsu da ba a raba ba tun rasuwar kakanmu. Wasu na son a sayar, ana jiran amincewarsa, shi kuma duk sanda aka ɗauko zancen a waya sai ya kauce. Hajiya ta ce in karɓa, ba a ƙin aiken babba. Ni kuma bayan abin da Baban Ilham ya rubuta jikina ya yi sanyi. Har na fara tunanin ko otal ɗin ne dai, don in maganar ta yi tsami ina da wurin komawa.

Bakatsine_Na_Asali:
Kin ga an dawo inda aka fara. Ɗan aike ba ya laifi. Ki karɓa ki miƙa, ki ce ga saƙo, ki ci tuwonki. Otal dai a'a.

Baban_Ilham:
Ɗan aike ba ya laifi a Katsina. A can za ta zauna tebur ɗaya da matar da za ta tambayi mijinta me ke cikin takardar da ta ɓata masa rai. In dole sai kin kai, ki sanar da shi tun yanzu ta waya cewa an ba ki wasiƙa kuma ba ki da bakin magana a ciki. Kar ya ji ta a bazata. Ki kuma bari sai daren da za ki tafi.

Hajiya_Binta_KD:
Daren tafiya? Sai ya ga kamar duk dariyar da aka yi ta kwanakin nan share fage ce. Ni a ganina ta ba shi ranar da ta isa, bayan an ci abinci, a wuce wurin. In yana da amsa ya samu lokacin tunani, ta dawo da ita.

Malam_Habu_Zariya:
Jinkirta rabon gado shekara da shekaru shi ne asalin matsalar, kuma Hajiyarki ma tana da haƙƙi a gonar, don haka ba za a ce ke bare ce ɗari bisa ɗari ba. Isar da amana wajibi ne in kin karɓa. Amma kina da damar ki ce wa babban kawun ya turo masa hoton wasiƙar ta waya kafin ki tashi, ke ki kai takardar kawai don girmamawa.

ƊanMaraɗi31:
Kan otal, ki yi lissahi kuma. Abin da hukuma ke son matahiyi ya nuna yana da shi a kowace rana Yuro 32.50 ne in yana da takardar masauki, 65 in otal ya kama, 120 in ba shi da ko ɗaya. Ga kuɗin biza Yuro 90, ga inshorar lahiya da za ta ɗauki har Yuro 30,000. Ranakun taro ma'aikatarku za ta ba da shaidar otal na Tulus, na Figeac kuma takardar kawu, ki tabbata kwanakin sun haɗu ba giɓi. Kuma Yuni lokacin masu tattakin ibada ne zuwa Compostela ta Sifen, hanyarsu ta ratsa garin, ɗakunan haya suna cika da wuri.

Ni shawarata ki shiga Juma'a da yamma, ki samu kasuwar Asabar da abincin Lahadi, Litinin ki kamo hanya. In taron ya dace da ƙarshen makon farko na wata, jiragen yankin Occitanie ana samun tikitinsu Yuro 1, amma yana ƙarewa da wuri. Gumba kuwa in gero ne da sukari zalla ba nono a ciki, ni ina zuwa da ita.

Damagaram_227:
Ni abin da ban gane ba, don me ake ɗauka zai ƙi sayarwa don rowa ko girman kai? Ƙila gonar nan ita kaɗai ta rage mishi da sunan ubanshi a Tasawa. Mutumin da ke kauce wa zance a waya ba lalle ba ne bai damu ba. Ki kai wasiƙar, amma ki saurare shi kahin ki ɗauki ɓangaren kowa.

Bakatsine_Na_Asali:
To in ita kaɗai ta rage masa ai sai ya zo ya noma ta. Masu jiran kasonsu su ma 'ya'yan marigayin ne.